Takalmi Ɗaya, Ƙafa Huɗu

Idan an tashi daga makaranta aka zauna hirar fina-finai, abin da ya fi ɗaukar baki shi ne wane jarumi ya fi iya faɗa, wace mota ce ta tashi sama, wa ya auri wa a ƙarshe. Mu ma da mu ake wannan hira, kuma ba mu ga aibunta ba, domin kan da ya wuni yana fama da lissafi da kimiyya ya cancanci hutu. Sai dai akwai wasu fina-finan da ba a yin hirarsu da ƙarfi. Idan an gama kallonsu sai ka ga kowa ya miƙe shiru, wani ma ya fake da cewa ƙura ce ta shiga masa ido. A cikinsu babu attajirin da zai sauko daga mota ya share wa kowa hawaye, kuma abin da ake shan wahala a kansa bai taka kara ya karya ba a idon mai hali: takalmi ne, ko keke, ko kuɗin makaranta, ko mudun hatsi. A kansu muke so mu yi magana da ku yau, ƙannenmu, saboda mun daɗe muna kallonsu, kuma mun lura suna nuna wani abu da ke gudana a gidajenmu kullum ba tare da an sanar da mu ba.

Bahaushe ya raɗa wa abin suna tun tuni. Ka tambayi magidanci ya gida, ya ce maka, “Alhamdu lillahi, asiri a rufe.” Ba ya nufin yana da dukiya. Nufinsa an ɗora tukunya an sauke, yara sun tafi makaranta da wankakkun kaya, ba a je ƙofar kowa da ƙoƙon bara ba, maƙwabci bai jiyo kukan gidan ba. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, rufin asiri ba a kyauta yake samuwa ba. Kullum akwai mai biyan kuɗinsa, ko da guminsa, ko da cikinsa, ko da wani abin da yake ƙauna ya rabu da shi. Mu yaran gida a ƙarƙashin rufin muke, shi ya sa ba mu cika ganin mai biyan ba. Waɗannan fina-finai su ne suke ɗaga labule mu hango shi.

Wanda ya fi zama mana a rai shi ne wani fim na ƙasar Iran da Majid Majidi ya shirya a 1997, wanda aka fi sani da Children of Heaven. Labarin wani yaro ne mai suna Ali da ƙanwarsa Zahra, ’ya’yan wani talaka a wata tsohuwar unguwa ta kudancin Tehran. An aiki Ali ya karɓo takalmin Zahra daga wurin mai gyara. A hanya ya tsaya sayen dankali, ya ajiye ledar takalmin a ƙofar shago, sai wani ɗan jari-bola ya haɗa da ita cikin tarkace ya yi gaba. Takalmin tsoho ne, ya sha ɗinki, amma shi ke nan gare ta. A gida kuwa ana bin su kuɗin haya na watanni, mahaifiyarsu ba ta da lafiya ga jariri a hannu, mai shago ma yana bin su bashi. Yaran sun san idan suka faɗa, ban da faɗan da za su sha, babu kuɗin sayen wani sai an ƙara cin bashi. Sai suka yi shawara a rubuce, suna tura wa juna littafi kamar masu aikin gida, iyayensu na zaune a gefe ba su san wainar da ake toyawa ba.

Shawarar ita ce su riƙa karɓa-karɓa da kambas ɗin Ali. Zahra da safe take zuwa makaranta, shi kuma da rana. Ana tashi sai ta sheƙo a guje cikin lungu, ta tarar da shi yana jira, ta tuɓe ta sa silifas, shi kuma ya zura ya zuba da gudu. Takalmin ya yi mata yawa, har wata rana ƙafa ɗaya ya suɓuce ya faɗa kwata, ta yi ta bin sa ruwa na tafiya da shi. Shi kuma Ali kullum a makare, har shugaban makaranta ya kore shi, sai da malamin ajinsu ya sa baki. Duk wannan babu wanda ya ce uffan a gida. Yara biyu da ba su wuce shekara goma ba suna ɗauke wa ubansu nauyin da bai ma san an ɗauke masa ba.

Wurare biyu a fim ɗin sun nuna mana ma’anar mutunci fiye da duk bayanin da aka taɓa yi mana a aji. Na farko, uban yana zaune yana farfasa curin sukarin masallaci, aka kawo masa shayi, ya ce a ɗebo masa sukari cikin na gida. Zahra ta yi mamaki, ga sukari tuli a gabansa. Ya nuna mata cewa wannan na masallaci ne, amana aka ba shi. Ƙwaya ɗaya ba za ta rage komai ba, kuma ba wanda zai gani, amma bai kai baki ba. Na biyu, Zahra ta hango takalminta da ya ɓace a ƙafar wata yarinya a makarantarsu. Ta bi ta har ta ga gidansu, ta koma ta ɗauko Ali don su karɓi kayansu. Suna laɓe sai ga yarinyar ta fito tare da mahaifinta, ashe makaho ne. Suka dubi juna, suka juya gida hannu rabbana. Mu Hausawa ba mu buƙatar a fassara mana wannan, domin kara ce da kawaici. Mai buƙata ya ga wanda ya fi shi buƙata, ya janye hannunsa.

A makarantar kwanan da muka yi, akan tayar da janareto daren Asabar a nuna mana fim a ɗakin cin abinci, a can muka fara ganin wannan. Kusa da ƙarshe Ali ya ji labarin tseren kilomita 4 na ’yan makaranta, kuma cikin kyautar wanda ya zo na uku akwai sabon kambas. Ya roƙi malamin wasanni da hawaye aka sa sunansa, ya yi wa Zahra alkawarin zai zo na uku ya musanyo mata da na mata. Da aka zo ƙarshen tsere, cikin turereniya, sai ga shi ya zo na ɗaya. Ɗakin ya kaure da tafi da buga tebur. Sai aka nuno fuskarsa. Ana ɗaga shi sama, ana miƙa masa kofi, ana ɗaukar hoto, shi kuwa idonsa na kan takalmin da za a ba wani. Tafin ya mutu da kansa. Ya koma gida ya tuɓe kambas ɗin da ya gama yagewa, ya tsoma ƙafafunsa masu bororo cikin ruwan da ke tsakar gida. Mu masu kallo kaɗai aka nuna wa uban yana dawowa daga kasuwa, ga sababbin takalma a bayan kekensa. Yara suna ɓoye masa damuwarsu, shi ma yana can yana yi musu hidima a ɓoye. Wannan ɗan labari na takalmi shi ne fim na farko daga Iran da ya shiga jerin masu neman kyautar Oscar ta fina-finan harsunan waje.

Amma kada ku ɗauka kowane fim irin wannan da daɗi yake ƙarewa, ko kuma duk talakan da ke ciki waliyyi ne. A 1948, lokacin da Italiya ke fama da rashin aikin yi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Vittorio De Sica ya yi Bicycle Thieves, wato ɓarayin keke. Antonio ya daɗe ba aiki a birnin Rum, sai ya sami na liƙa fastoci a bango, da sharaɗin sai mai keke. Nasa keken yana wurin jingina. Matarsa Maria ta yaye zannuwan gadon da ta zo da su gidan aure, ta kai su jingina aka fanso keken. Duk wanda ya taɓa ganin an fita da kwanukan jere daga ɗakin mahaifiyarsa ya san abin da wannan ke nufi. Ranar da ya fara aiki aka sace keken. Shi da ƙaramin ɗansa Bruno suka karaɗe birni suna nema. ’Yan sanda ba su ɗauki abin a bakin komai ba, ko da ya gano ɓarawon ma ba shi da shaida. Da ƙofofi suka toshe, sai ya hangi wani keke a jingine ba kowa kusa. Ya yi ta kai-kawo, daga ƙarshe ya haye. Aka bi shi aka kama, aka mammare shi a gaban ɗansa. Mai keken ya dubi yaron yana kuka, ya ce a sake shi. Suka shige cikin jama’a, uban na ƙoƙarin riƙe hawaye, yaron ya kama hannunsa.

Mutumin da ya fito a matsayin Antonio, Lamberto Maggiorani, ma’aikacin masana’anta ne aka ɗauko, ba ɗan wasa ba, watakila shi ya sa kunyar da ke fuskarsa ba ta yi kama da ta wasa ba. Fim ɗin bai halasta sata ba. Ya dai nuna yadda matsi kan tura mutumin kirki har bakin rami, ya kuma nuna abin da ɗa zai yi ranar da asirin ubansa ya tonu a bainar jama’a. Wasunku sun san wannan rana. An sallami Baba daga aiki, ko jarinsa ya karye, ko masu bin bashi sun tsaya a ƙofar gida suna ɗaga murya har ’yan unguwa sun fito kallo. Bruno bai gudu ba, bai kuma yi kamar bai san mutumin ba. Ranar da uba ya kasa rufa asirin gida, ɗa ne ya karɓi aikin.

Labarai irin waɗannan ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin a haife mu iyayenmu da kakanninmu suke cika gidajen silima a Kano da Kaduna da sauran birane suna kallon fina-finan Indiya, ba sa jin harshen amma suna bin labarin, kuma cikin waɗanda suka fi riƙewa akwai Mother India na Mehboob Khan, wanda ya fito a 1957. Nargis ce ta fito a matsayin Radha, wadda surukarta ta ranto rupi 500 wurin wani mai ba da bashi da ruwa, Sukhilala, don hidimar bikinta. Bashin ya yi ta haihuwa har ya zama kashi uku cikin huɗu na amfanin gona nasa ne duk shekara. Mijinta ya rasa hannuwansa biyu garin ture dutse a gona, baƙin ciki ya sa ya bar gida cikin dare. Ambaliya ta cinye abin da ya saura. A daidai lokacin da ’ya’yanta ke galabaita da yunwa, Sukhilala ya yi mata tayin abinci a madadin mutuncinta. Ta ƙi, ta koma gona ta ja garma da kafaɗarta. Manomin da ya san damina da bashi bai buƙatar tafinta kafin ya gane wannan. A ƙarshe ɗanta Birju ya zama ɗan fashi, ya kashe Sukhilala, ya ɗauke ’yarsa ranar aurenta, Radha kuwa ta harbe ɗan da ta haifa don kada a keta mutuncin ’yar maƙiyinta. Har gobe muna gardama a kan wannan ƙarshe, wasunmu na ganin an wuce gona da iri.

Ga kuma inda ya kamata a yi hattara. Mutum na iya gama kallon irin wannan fim ya fito da tunanin cewa talauci ado ne, don haka a naɗe hannu a yi ta haƙuri. Ku sake dubawa da kyau. Ba fari da ambaliya kaɗai suka talauta gidan Radha ba. Littafin bashi yana hannun Sukhilala, shi ke rubutawa shi ke karantawa, su kuwa ba su iya duba abin da aka rubuta a kansu ba. Antonio ba rago ba ne, aikin ne babu. Kuma duk masu haƙurin da muka gani a tsaye suke: Ali gudu yake yi, Radha noma take yi. Gaskiya ne mai haƙuri yakan dafa dutse, amma ai sai ya yi ta iza wuta.

Wanda ya fi kusa da rayuwarku shi ne The Boy Who Harnessed the Wind na 2019, wato yaron da ya sa iska aiki. Chiwetel Ejiofor, wanda iyayensa ’yan Nijeriya ne, shi ya shirya shi kuma ya fito a matsayin uban. Labarin gaske ne na William Kamkwamba, ɗan ƙauyen Wimbe a Malawi. A yunwar da ta afka wa ƙasar a 2001 zuwa 2002, rashin kuɗin makaranta ya fitar da shi daga sakandare, gidansu ya koma cin abinci sau ɗaya a rana. Bai rabu da karatu ba. Ya riƙa shiga laburare, har ya ci karo da littafi mai hoton farfelar da iska ke juyawa ta ba da lantarki. Ya tattaro tarkace daga juji, saura abu ɗaya, keken mahaifinsa, wanda kusan shi kaɗai ne kadarar da ta rage a gidan. Da farko uban ya ƙi, har ya fusata, don a ganinsa wasan yara ne a lokacin da ake mutuwa. Daga baya ya yarda aka yanka keken. A fim ɗin injin ya jawo ruwa daga rijiya aka yi noman rani. A zahiri wanda William ya fara haɗawa yana ɗan shekara 14 fitilu ya kunna a gidansu, na jawo ruwa daga baya ya zo, kuma ya kai ga kammala jami’ar Dartmouth a Amurka a 2014. Kowa basirar yaron yake yabo, kuma ya cancanta. Mu dai idonmu ya fi tsayawa a kan uban, mutumin da ya miƙa kadararsa ta ƙarshe saboda wani abin da bai fahimta ba, don kawai ya fito daga littafin ɗansa. Haka iyayen da ba su taɓa zama a aji ba suke yi duk ranar da suka biya muku kuɗin makaranta.

A cikin fim ɗin akwai kuma yayar William, Annie, yarinya mai burin zurfafa karatu, wadda ta ƙare da barin gida ta bi malamin da ke son ta, tana ganin ko ba komai an rage baki ɗaya a kan kwano. Ita ba a yi mata tafi ba. Tana tuna mana cewa a gidaje da yawa, idan kuɗi bai isa kowa ba, ’ya mace ake fara cewa ta haƙura, ta ɗauki faranti ta tafi talla ko ta jira miji, ɗan’uwanta ya ci gaba. Sadaukarwa ita ce abin da mutum ya bayar da hannunsa yana sane. Abin da aka karɓe masa ba a ji ta bakinsa ba, kada mu shafa masa zuma mu kira shi da wannan suna. Idan kai ne ka ci gaba saboda yayarka ta tsaya, to akwai bashi a wuyanka, kuma hanya ɗaya ta rage shi ita ce ka tsaya wa ƙanwar da ke tasowa idan aka zo yanke irin wannan shawara a kanta.

Ba muna cewa ku bar fina-finan dariya ko na faɗa ba. Muna cewa idan kun ci karo da irin waɗannan, ku kalle su har ƙarshe, sa’an nan ku dubi gidanku da idon da kuka dubi gidan su Ali. A makon da aka biya kuɗin jarrabawar WAEC ko NECO, me ya ɓace a gidan? Akuyar da ke ɗaure a turke tana nan? Kwasar adashin Inna ina ta tafi? Sau nawa kuka ji ta ce ta ƙoshi, alhali ba ku ga ta ci ba? Me ya sa babbar rigar Baba ta Sallah ita ce dai ta bara da ta bara waccan? Ba za su faɗa muku ba, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kuma ba sai kun je kun yi musu dogon jawabi ba, don nauyi za ku ɗora musu. Ya isa ku sani. Sanin zai fito da kansa a yadda kuke riƙe littafi, da yadda kuke kau da kai idan aka miƙo muku takardar satar amsa a ɗakin jarrabawa, da yadda kuke tarbar uban da ya zo ranar ziyara a kan tsohon keke, ƙafa duk ƙura, riƙe da ƙullin garin kwaki da ƙuli-ƙuli, a gaban abokan da iyayensu suka zo a mota.

Kada kuma idon ya tsaya a gida. A ajinmu akwai wani mai yunifom ɗaya tal. Da dare yake wankewa, da asuba ya sa ko bai gama bushewa ba. Duk mun sani, babu wanda ya taɓa furtawa, kuma lokaci-lokaci yakan tarar da sabulu a kan akwatinsa, har muka gama bai san mai ajiyewa ba. A kowane aji akwai irinsa, watakila ma shi ne ke karanta wannan shafi yanzu. Idan kai ne, ka ɗaga kai, riga ɗaya mai tsabta ba ta taɓa zubar da mutuncin kowa ba. Idan kuwa na kusa da kai ne, ka yi abin da Zahra ta yi a ƙofar gidan makaho, ka gani ka yi shiru, in da hali ka taimaka ta inda ba zai ji kunya ba.

Hutu yana tafe. Ku nemi ɗaya daga cikin fina-finan nan, ku tara ƙannenku, ku riƙa yi musu bayanin abin da ake faɗa. Idan Inna ta gama aiki ta zo ta zauna a gefen tabarma, ku matsa mata, ku kuma lura da wurin da za ta yi shiru.